Idon da Ya Yi Jinyar Sambo

Kwana goma sha uku muka yi a kan ruwa daga Ikko, kuma ban riƙe komai na tekun ba sai warin fenti da na amai. Mu biyu ne, ni da Sambo. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana da aka kai aure gidan wani Bafillace a Dandin Mahe, ƙasar Shagari, ni kuwa haifaffen Bodinga ne. Dukanmu malaman gona ne, kuma ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka zaɓe mu mu je Ingila mu yi shekara guda muna koyon gyaran ƙasar noma. Shi ne ɗan farin Gwaggo, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Ga shi nan, Umaru. Kak ka bar shi shi ɗai." Na yi dariya a lokacin, don mutumin ya girme ni da shekara biyu, ya kuma fi ni tsawo da hankali.

Kowa a jirgin nan kayansa tufafi ne da yaji da kilishi. Sambo buhun ƙasa ya ɗauko. Gonar ubansa ta zama faƙo, in ruwa ya sauka sai samanta ya daskare kamar daɓen ɗaki, iri ya ruɓe a ciki bai sami hanyar fitowa ba. Ya karanta cewa Turawa sun ƙirƙiro wani farin gari da ake narkawa a ruwa a zuba wa ƙasa, ya ɗaure ƙwayoyinta su zama 'yan dunƙule-dunƙule, ruwa ya shige, iska ta shige, ta daina yin ɓawo. Sai ya ce shi ba zai gwada a ƙasar wani ba, ya rubuta wa kwalejin, suka aiko masa da takardar izini. Tun daga Ikko nake ce masa Bafillacen da ya rasa shanu ya koma kiwon turɓaya. Shi kuma ya ce Kaɗo ba ya gane komai sai an zuba masa a akushi. Haka taubasai suke, ba mai fushi, mu ma haka muka tashi.

Da muka sauka Libaful wani Bature mai hular ma'aikata ya tarye mu da fara'a, har yana ce mana yallaɓai da harshensu. A gida ba mu taɓa ganin Bature ya ɗauki kayan wani ba, sai abin ya burge ni. Ya ɗaga buhun Sambo ya ji nauyi, ya ajiye, ya ɗauki akwatina ya ce mu biyo shi. Muka bi shi har bakin wata ƙofa, daga nan ban sake ganin ƙeyarsa ba. Rigunan sanyina duk suna ciki. Abin da ya rage mini babbar riga ɗaya da hula, su ma don suna cikin jakar Sambo ne. Ya zauna a kan buhunsa yana dariya har da riƙe ciki, ya ce to yau wa ya fi wani wayon ɗaura kaya.

Jirgin ƙasa ya kai mu wani ƙaramin gari inda kwalejin take. Gida uku muka ƙwanƙwasa, a ga fuskarmu a ce ɗaki ya cika. Na huɗu wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ta dube mu, ta dubi buhun, ta tambaya ko gawayi ne. Muka ce ƙasa ce. Ta ce mu shigo da ita amma kada ta taɓa mata darduma. Ita ce ta ba ni kwat ɗin mijinta, mai warin taba, hannunsa ya wuce yatsuna. Abincinta dankali ne da kabeji dafaffe ba gishiri ba yaji, kullum. Ban taɓa jin kewar Bodinga irin ta lokacin cin abinci ba, har mafarkin miyar kuka nake yi ido biyu.

A kwalejin an ba mu gefe guda a wani ɗakin gilashi mai ɗumi da ake shuka a ciki. Farin garin nan in ka zuba shi a bokiti ka motsa, sai ruwan ya yi yauƙi kamar na kuɓewa. Sambo ya raba rabin ƙasarsa a tukwane goma sha biyu, shida za a ba su ruwan maganin, shida ruwa zalla. Wata biyu ya yi yana gwaji kafin ya sami daidai kaurin da ƙasarsa take so, in ya yi yawa ta zama danƙo, in ya yi kaɗan ba ta ji ba. Da ya samu sai ya shuka irin albasa na gida, ya rubuta a littafi ranar da za a sake ba su maganin, kwana na goma sha takwas, da tsakar rana. Kwana biyu da shukar zazzaɓi ya kwantar da shi.

Likita ya ce zazzaɓin hanji ne, mai yaɗuwa, aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a bayan gari, aka sa shi ɗaki shi kaɗai. Na bi su da tabarmar salla da buta, da niyyar in shimfiɗa a gefen gadonsa. A wajenmu ai ba a tambaya. Wanda ya kwanta, wani ya zauna, ya ba shi ruwa, ya juya shi, ya taɓa goshinsa, in kuma ta Allah ta kasance ya juya shi gabas ya laƙƙana masa kalma. Suka ce ba mai shiga sai ma'aikata, su ma sau biyu a wuni, da fuska a rufe. Na ɗaga murya, na ce an ba ni shi amana. Likitan ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankali, ɗan'uwana ya yi sa'a, domin asibitin na gwada wata sabuwar na'ura wadda ta fi mai jinya, ba ta gyangyaɗi, ba ta fita shan iska.

Ya kai ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Akwatunan talabijin ne ƙanana guda shida a jere, kowanne da lasifika da maɓalli a ƙasansa. A kowane ɗakin majinyaci an kafa kyamara a bisa ƙofa, da abin ɗaukar murya kusa da gado. Nas ɗaya ke zaune tana duban mutum shida, in wani ya yi nishi ta ji, in ya motsa ta gani, in ta danna maɓalli ta yi masa magana. A akwati na huɗu na ga Sambo, bai fi tsawon yatsana ba, fari da baƙi, hoton yana rawa. Na tsaya ina kallo baki buɗe, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni kamar yadda mai hular nan ya burge ni.

Nas ɗin rana baƙar mace ce mai tabarau, daga wasu tsibirai can bayan teku, kowa Sista yake ce mata. Doka ba ta yarda baƙo ya zauna a ɗakin ba, amma ta ajiye mini kujera a bayan ƙofa, takan kuma raba shayinta biyu. Da na tashi daga kwaleji can nake zuwa. Haka na yi jinyar taubashina, daga nesa, ina kallon akwati.

Kwanakin farko zazzaɓin ya yi zafi, yana nishi, yana juyi, yana kiran Inna. Duk muna ji ta lasifika. Shi bai san da haka ba, an gaya masa da Turanci yana cikin magagi. Ranar da ya ɗan farfaɗo ya sha ruwa da kansa, murna ta kama ni, kuma ni ban iya murna da Sambo ba sai da tsiya. Na danna maɓalli na ce ashe Bafillace rago ne, ƙato da shi yana kiran uwa, duk asibiti an ji shi. Na ce ya dubi bisa ƙofa, wancan ido ne, ga mace nan zaune kusa da ni tana kallonsa tun ranar da ya zo, ba abin da ba ta gani ba. Na jira ya rama. Ya ɗaga kai ya dubi kyamarar, ya daɗe yana dubanta.

"Mace ta?"

"Awo, mace ta," na ce, ina dariya.

Bai rama ba. Ya ja bargo har wuya, ya miƙe ƙafafunsa, ya roƙi a kawo masa hularsa. Tun daga ranar akwati na huɗu ya yi tsit. Sista ta rubuta a takardarta cewa ya sami natsuwa, tana cewa da duk majinyata haka suke da ta huta. Ni kuma, wawa, har alfahari na yi. Na ba ta labarin yadda dangin ubansa suke, a tsula wa saurayi sanda a ƙirji a gaban 'yan mata yana duban madubi, ko ƙifta ido bai yi ba. Ta ce abin mamaki, ta ƙara mini shayi.

Likita ya kira ni ya ce mako na uku shi ne mai haɗari, wani lokaci hanji kan huje, kuma alamarsa ciwon ciki ne mai tsanani da ke zuwa farat ɗaya. In an ji da wuri ana yin aiki a ɗinke. Ya ce in gaya masa da harshenmu, da ya ji wani abu ya yi magana, ko ihu ne ya yi, ana jin sa. Na gaya masa, wallahi na gaya masa, ta maɓallin nan, Sista tana zaune kusa da ni. Ya ce to.

Ranar ba tukwane magani ta faɗo a makon. Na biya asibiti da safe. Yana kwance ɗoɗar, bai motsi, hula a kai. Akwatin ba ya nuna gumi, ba ya nuna launin leɓe, kuma ba ka iya taɓa hannun mutum ta cikinsa. Wanda ke zaune a gefen gado da ya gane cikin minti ɗaya. Na tambaye shi jiki, na ce zan fasa zuwa kwaleji in zauna, tukwane su jira. Muryarsa ta fito siririya.

"Lahiya lau nike, Kaɗo. Tahi ka ba ƙasata ruwa."

Na dubi Sista, ta nuna mini akwatin da biro, ta ce ai idonta na kansa. Na tafi.

A ɗakin gilashi na tarar da abin da ya ƙetare teku dominsa. Tukwane shida na ruwa zalla sun yi ɓawo, ko tsinke babu. Shidan da suka sha magani albasa ta fito tsaf, kore shar, in ka sa yatsa ƙasar ta nutse. Na dama, na zuba yadda ya rubuta, ina sauri in koma in ba shi albishir. Ina wanke bokiti sai ga malaminmu da wani baƙo mai jan wuyan riga, daga kamfanin da ke yin garin, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Baƙon ya ga tukwanen ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce sai an ɗauke ni da su, amma ba cikin kwat ba, in je gida in sa tufafin ƙasarmu. Na ce ɗan'uwana na asibiti. Ya ce minti goma ne. Malaminmu ya ce kamfanin ne ke ba kwaleji garin kyauta, in taimaka. A lokacin ban koyi ce wa Bature a'a ba. Na je na sako babbar riga da hula, suka yi ta juya ni, tsuguna nan, riƙe tukunya can, ɗaga kai, yi murmushi, a'a, wanda ya fi wannan. Sai la'asar suka sake ni.

Da na shiga ɗan ɗakin akwatuna biyar ne ke aiki. Na huɗu an kashe shi, ba abin da na gani a gilashinsa sai ni da babbar rigata. Sista ta miƙe ta cire tabarau. Ban yi kuka ba, ban kuma ji komai ba, na dai ce innalillahi don ita ake cewa. Na zauna a kujerata. Akwai guntun burodi a faranti, na ɗauka na ci.

Likita ya ce hanjin ya huje tun wajen asuba, ko kafin nan. Ya ce shekara ashirin yana aiki bai taɓa ganin wanda ya ɗauki wannan ciwon baki rufe ba, ciwo ne da ke sa soja ya yi kururuwa. Da ya yi nishi sau ɗaya tak da na'urar ta kama. Ya tambaye ni ko na san abin da zai sa mutum ya yi shiru haka. Na ce ban sani ba.

Bayan ya fita Sista ta ce akwai abin da take so ta tambaye ni. Wajen ƙarfe biyu da kwata ta ga ya fito da hannun dama daga cikin bargo, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, leɓensa na motsi amma lasifika ba ta kawo komai ba. Ta danna ta tambaye shi ko fitilar rufi ce ta dame shi, bai amsa ba. Ta ce ya riƙe yatsan a tsaye kamar minti guda, sannan hannun ya sauka. Sai da ta ga ya daɗe bai mayar da shi cikin bargo ba, shi da ba ya barin ko farce a waje, ta aika a duba. Ta ce mene ne yatsan? Na gaya mata. Ta zauna ta rufe fuska da hannu biyu, ni na koma ba ta haƙuri. Ƙarfe biyu da kwata ina tsugune da tukunya ana ce mini in ƙara murmushi.

Wani tsohon Balarabe da ya yi aikin jirgin ruwa ya zauna a garin shi ya yi masa wanka, da safar roba a hannu. Mu bakwai muka yi masa salla, biyar ban san su ba, ban kuma sake ganinsu ba. Tsohuwar gidanmu ta biyo mu da baƙar hula ta tsaya can nesa. Ƙasar makabartarsu baƙa ce, jiƙaƙƙiya, mai sanyi. Na ɗauko rabin buhun da bai taɓa ba, na juye masa shi kafin a rufe. Kashegari na je na ba tukwane ruwa, don littafin ya ce a ba su.

Na ƙarasa shekarar. Ina zuwa aji, ina rubutu, ina cin dankali. Wata rana malaminmu ya miƙo mini takardar tallar kamfanin, ga ni a gaba da babbar riga haƙora a waje, an rubuta a ƙasa wai manomi ne a gonarsa a Afirka yana murna da amfanin da ya samu. Ba sunan Sambo ko'ina. Ban yi faɗa ba, na ninke ta na sa a aljihun kwat. Da zan taho suka ba ni gwangwani ɗaya na garin.

Daga Sakkwato motar itace na hau. Ta tsaya Bodinga, ina hangen rimin ƙofar gidanmu, ban sauka ba. A Shagari na sauka na taka zuwa Dandin Mahe. Saƙon rasuwar ta waya ya riga ni da watanni, an yi zaman makoki an watse. Ubansa na fara iskewa a zaure, muka yi gaisuwa, na ba shi littafin da gwangwanin. Daga baya mun zuba shi a faƙon, ya ishi wuri kamar shimfiɗar tabarma biyu, kuma wurin ya yi albasa shekara uku a jere kafin ya koma yadda yake. Ba mu sake samun wani ba.

Gwaggo na tarar a tsakar gida tana sheƙar gero. Na durƙusa, muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi, ta tambayi mutanen Bodinga da ban gani ba. Sannan ta ajiye faifan.

"Hannun wa yac cika?"

Tun daga Libaful nake shirya amsar wannan, duk ta gudu. Na ce ba hannun kowa ba, Gwaggo, an hana shiga, ni kuma ya aike ni. Ta dube ni kawai, kuma da ta zage ni a kan amanar da ta ba ni da ya fi mini sauƙi.

"Ya yi kalma?"

Na ce ya yi. Na ce akwai wata mata da ta gani da idonta, ya ɗaga yatsa ya riƙe. Ta ce alhamdu lillahi, ta sa wa matar albarka, ta ce Allah shi ba ta mai tsaya mata. Ta ɗauki faifan, ta sake ajiyewa.

"Ya yi raki?"

"Bai yi ba, Gwaggo. Likita ya ce bai taɓa ganin irinai ba."

Sai fuskarta ta saki, karo na farko tun shigowata. "Na sani," ta ce. "Ba shi raki, tun shina yaro."

Ta turo mini ƙwaryar fura, na sha. Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan nan, kuma duk baƙon da ya zo gidan sai ta ba shi labarin yadda wancan ya kwanta a ƙasar Turawa, ciwo ya huda masa hanji bai ce uffan ba, har likitansu ya yi mamaki. In ina wurin sai ta juyo ta ce, ko ba haka ba, Umaru? In ce haka ne, Gwaggo.